Wace gargajiya ce marubutan Sin suka yi wa tawaye?

Tambaya: Malam, ina nazarin adabin ƙasashen waje, kuma duk littafin da na buɗe a kan marubutan Sin na ƙarni na 20 sai in ga an ce sun soki al'adun "feudal". Me suke suka takamaimai, sarakuna ne ko addini? Kuma anya ba farfagandar 'yan gurguzu ba ce aka yi wa kwalliya da sunan adabi?

Amsa: Malama, tambayarki biyu ce a ƙunshi ɗaya, kuma ta biyun ta fi daɗin amsawa. Amma sai mun fara kawar da kalmar nan daga hanya, don ita ke fara ɓatar da ɗalibai.

Sinawa fengjian suke cewa. A asali sunan wani tsarin mulki ne na zamanin daular Zhou, inda sarki ke yanka ƙasa ya raba wa danginsa da manyan mayaƙansa, kowa ya riƙe yankinsa ya gadar wa 'ya'yansa. Wannan tsari ya kau tun shekara ta 221 kafin Miladiyya, lokacin da daular Qin ta haɗe ƙasar ta koma tura ma'aikata daga fada, a naɗa mutum yau a ɗauke shi gobe. Daga baya ma jarrabawa ce ta zama ƙofar shiga aikin gwamnati. Ke nan lokacin da aka haifi marubutan da kike karantawa, abin da kalmar ke nufi na haƙiƙa ya yi shekara dubu biyu a kabari. Masu fassara a Japan ne suka tono ta a ƙarni na 19 suka fassara kalmar Turawa da ita, sannan mabiya Markisanci a Sin suka ɗauka suka liƙa wa tarihin ƙasar baki ɗaya. Daga nan ta zama zagi. Uba ya hana 'yarsa zuwa makaranta, a ce fengjian ne. Tsohuwa ta je wurin mai duba, a ce kanta cike yake da fengjian.

Marubutan farko kuwa suna da suna mafi daidai na abin da suke faɗa da shi: lijiao, wato koyarwar ladabi da aka jingina wa Konfushiyas, babban malamin Sin na zamanin dā. Ginshiƙanta uku ne, mabiyi ya bi sarki, ɗa ya bi uba, mata ta bi miji. Ita mace biyayyarta ba ta da ranar ƙarewa, tana yarinya ta bi uba, ta yi aure ta bi miji, miji ya mutu ta bi ɗanta. A ƙarni na 11 an tambayi wani babban malami, Cheng Yi, ko matar da mijinta ya mutu ya bar ta cikin talauci tana iya sake aure, ya ce mutuwa da yunwa ƙaramin abu ne, zubar da mutunci shi ne babba. Maganar nan ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki. Hukuma kan ba da izini a gina ƙofar dutse ta girmamawa ga matar da ta ƙi sake aure, ko wadda ta kashe kanta ta bi mijinta. Ga kuma ɗaurin ƙafa, inda ake lanƙwasa yatsun yarinya 'yar shekara biyar ko shida a naɗe su tamau har ƙashi ya karye, don a sami ƙafar da ba ta wuce inci uku ba. To wannan shi ne abin sukar. Cikin gida ne fagen daga, sarki ya zo daga baya.

Dalili kuwa shi ne sarkin ya riga ya tafi. An soke tsohuwar jarrabawa a 1905, an yi juyin juya hali a 1911, sarkin ƙarshe, yaro Puyi, ya sauka a Fabrairun 1912. Matasa suka zaci gari ya waye. Ba a yi shekara huɗu ba shugaban sabuwar jamhuriyar, Yuan Shikai, ya dawo da bukukuwan girmama Konfushiyas, ya kuma nemi naɗa kansa sarkin sarakuna. Masu ilimin zamani suka ce ashe an kori sarki daga fada ne kawai, yana nan zaune a kowane zaure. Chen Duxiu ya kafa mujallar Xin Qingnian, wato Sabbin Matasa, a Shanghai a 1915. A Janairun 1917 Hu Shi ya rubuta a cikinta cewa a daina rubutu da tsohon Sinancin malamai, wanda sai an shekara goma ana haddar littattafai kafin a iya shi, a koma harshen da mutane ke magana da shi, baihua. Ki riƙe wannan, don a wurinsu sauya harshen rubutu ma tawaye ne. Ranar 4 ga Mayun 1919 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Beijin saboda taron sulhu na Faransa ya miƙa wa Japan yankunan da Jamus ke riƙe da su a lardin Shandong, kuma da sunan wannan rana ake kiran yunƙurin gaba ɗaya. A 1920 ma'aikatar ilimi ta ce a koyar da baihua a azuzuwan farko na firamare.

A wannan mujalla, a Mayun 1918, wani ma'aikacin gwamnati mai shekara talatin da shida, Zhou Shuren, ya buga gajeren labari da sunan aro, Lu Xun (Lu Shun ake furtawa). Sunan labarin Kuangren Riji, littafin tunanin mahaukaci. Wani mutum ne ya tsargu cewa kowa a garinsu so yake ya cinye shi, maƙwabta, likita, yara a hanya, har karen gidan Zhao kallon nama yake yi masa. Wani dare barci ya ƙi zuwa, ya buɗe littafin tarihi, ya ga kowane shafi cike da kalmomin tausayi da adalci da kyawun hali, ya yi ta ƙura ido har tsakar dare, sai ya hango a tsakanin layuka kalma biyu ne kawai: cin mutane. Ba ƙage Lu Xun ya yi ba gaba ɗaya. A littattafan ladabi akan yabi ɗan da ya yanki naman cinyarsa ya dafa wa mahaifi mara lafiya. A 1907 kuma dogaran wani gwamna sun cinye zuciya da hantar Xu Xilin, ɗan juyin juya hali mutumin Shaoxing, garin su Lu Xun.

Wannan shi ne sashen da ake kawowa a jarrabawa. Abu biyu ne ɗalibai ke tsallakewa, kuma su ne suka sa labarin ya zama adabi. Na farko, kusa da ƙarshe mahaukacin ya tuna ƙanwarsa da ta mutu tana shekara biyar, lokacin yayansa ke riƙe da gida, ya ce wa ya sani ko an zuba namanta a abinci shi ma ya ci bai sani ba. Mai tuhuma ya tsinci kansa a layin waɗanda ake tuhuma. Na biyu, gabatarwar labarin da tsohon Sinancin malamai aka rubuta ta, kuma a cikinta aka sanar da mu cewa mutumin ya warke tuntuni, ya tafi wani gari yana jiran a ba shi muƙami. Wato kafin ki ji ihunsa na ƙarshe, inda yake roƙon a ceci yara, an riga an gaya miki ya koma cikin masu ci.

Labarin da na fi so ki zauna da shi shi ne Zhufu na 1924, wanda zan fassara da Neman Albarka, sunan hadayar da ake yi a jajiberin sabuwar shekara. Mai ba da labarin ɗan boko ne, ya zo ganin gida ya sauka wurin baffansa, tsohon malami. A bakin kogi ya haɗu da wata almajira, gashi ya yi fari fat, da kwando da fasasshiyar tasa ba komai a ciki, da sandar gora da ta tsage daga ƙasa. Ya tsaya yana jiran ta roƙi kuɗi. Sai ta matso ta rage murya ta ce, kai da ka yi karatu ka zaga duniya, in mutum ya mutu akwai rai da ke saura? Ya rikice ya ce wataƙila. Ta ce to akwai wuta ke nan? Kuma 'yan gida ɗaya za su haɗu a can? Ya ce gaskiya ba zai iya cewa ba, ya ja ƙafa ya gudu, har yana yaba wa kansa dabarar wannan amsa da ba ta ɗaure mutum. Washegari ya ji ta mutu. Baffan ya yi tsaki, wai ba ta tashi mutuwa ba sai a ranar biki.

Sannan aka koma baya. Ba a taɓa faɗin sunanta ba, matar Xianglin ake ce mata har ta mutu, ko da ta auri wani bayan Xianglin. Mijin farko, wanda ta girme shi da shekara goma, ya mutu, ta gudo ta kama aikatau a gidan baffan nan. Aiki take kamar namiji, har ta fara ƙiba. Wata rana tana wanke shinkafa a kogi mutanen uwar mijinta suka sure ta a kwalekwale, aka sayar da ita ga wani mutumin kan dutse a kan kuɗi dubu tamanin, aka cire dubu hamsin aka yi wa ƙanen mijin aure. Ranar ɗaurin nata auren ta buga kanta a kusurwar teburin turare har jini ya ɓalle. Ta haifi ɗa, zama ya fara daɗi, zazzaɓi ya kashe mijin, kyarkeci ya ɗauke yaron yana zaune a dokin ƙofa yana ɓarar wake, yayan mijin ya karɓe gida. Ta dawo aikatau. Baffan ya ja matarsa gefe ya ce a bar ta ta yi aiki, amma kada ta taɓa kayan hadaya, don kakanni ba za su ci abin da mai aure biyu ta taɓa ba.

Ki duba abin da mutanen gari suka yi. Tsofaffin mata kan tako musamman su ji labarin kyarkecin, ta kai wurin kuka su ma su zubar da hawayen da suka tanada, su koma gida sun gamsu. Da labarin ya tsufa sai suka koma tsokanarta da shi. Wata 'yar aiki irinta, mai tsananin ibada wadda ko kaza ba ta yankawa, ita ce ta gaya mata cewa a lahira mazan biyu za su yi rigima a kanta, sarkin lahira ya sa zarto ya raba ta biyu, sai dai in ta sayi dokin ƙofa a ɗakin bautar gari, dubban mutane su taka shi a madadinta. Ta karɓi duk ladan aikin da ta tara, azurfa goma sha biyu, ta kai. Ta dawo idonta na haske. Da hadaya ta zo ta miƙa hannu cikin natsuwa za ta ɗauki kofuna, uwargida ta daka mata tsawa ta ce ajiye. Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Daga ranar hankalinta ya soma gushewa.

To ki nuna mini mugu a labarin nan. Baffan bai doke ta ba, har ladanta ya biya cif. Uwargida tana sonta don ƙwazonta. Mai shawarar dokin ƙofa taimako take nufi. Kowa ya yi abin da aka saba, mace ta mutu a titi. Shi kuma ɗan bokon, wanda ya karanta duk littattafan sauyi, an yi masa tambaya ɗaya ya tsere, kuma labarin ya ƙare yana kwance yana jin ƙarar wasan wuta na biki, jikinsa ya saki, damuwarsa ta wanke. A ganina nan ne ƙarfin wannan adabi yake, kuma da wannan ma'auni nake auna sauran: marubucin ya sa kansa da mai karatu a cikin laifin, ko kuwa ya nemo wani mugu ya jibga masa kowa ya huta?

Lu Xun yana da dalilin sa kansa. Kakansa ya shiga kurkuku a kan badaƙalar cin hanci a jarrabawa, gidan ya karye. Yana yaro ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin gidan jingina da kantin magani saboda ciwon mahaifinsa, masu maganin gargajiya suna aikensa neman raken da ya sha sanyin hunturu uku, da gyare biyu mata da miji waɗanda ba su taɓa sauya aure ba. Shi da kansa ya yi ba'a cewa ashe ko ƙwaro sai ya kiyaye mutunci kafin ya shiga magani. Mahaifin ya mutu a 1896. Ya tafi Japan karatun likita a Sendai, ya bari a 1906 bayan an nuna musu hoton majigi na wani Basine da za a fille wa kai, 'yan'uwansa ƙarfafa sun kewaye suna kallo ba abin da ya dame su. A shekarar nan mahaifiyarsa ta kira shi gida ta aura masa Zhu An, mai ɗaurarriyar ƙafa wadda ba ta yi karatu ba. Bai ƙi ba. Bai kuma zauna da ita zaman aure ba, ya ce kyauta ce uwarsa ta ba shi, sai dai ya ciyar da ita. Ta yi shekaru tana yi wa uwarsa hidima, shi yana Shanghai da Xu Guangping, matar da ya zaɓa da kansa, ita Zhu An ta mutu a 1947. Mutumin da ya san akwai Zhu An a ɗakin baya ba zai iya rubuta kansa a matsayin mai ceto ba.

Wanda ya fi shiga zukatan matasa kuwa Ba Jin ne, da littafinsa Jia, wato Gida, wanda aka fara bugawa a jarida a 1931 ya fito littafi a 1933. Babban gidan Gao ne a Chengdu, kaka na mulki, jikoki uku maza. Babban, Juexin, da ƙuri'a aka zaɓar masa mata a gaban allunan kakanni, bayan an raba shi da 'yar'uwarsa da yake so saboda iyaye mata sun ɓata a wurin caca. Shi dai ya rusuna ya ce to. Da kakan ya mutu, matar Juexin na da tsohon ciki, dangi suka ce jinin haihuwa zai ɓata gawar da ke cikin gida, aka fitar da ita bayan gari, ta mutu a naƙuda yana bakin ƙofa an hana shi shiga. Ba Jin daga gidansu ya kwaso wannan, kuma yayansa na gaskiya ya kashe kansa a daidai lokacin da labarin ya fara fita. Zan faɗa miki gaskiya, ta fuskar salo littafin bai kai na Lu Xun ba. Hawaye sun yi yawa, taurari na tsayawa su yi lacca. Amma akwai wuri ɗaya da nake cire masa hula. An yanke za a ba wani tsoho, shugaban ƙungiyar kare ɗabi'un Konfushiyas, kuyanga Mingfeng ta zama ƙwarƙwararsa. A darenta na ƙarshe ta je wurin ƙaramin jikan, Juehui, ɗan tawayen da ya ce yana sonta. Ta same shi yana rubuta maƙalar mujallarsu ta sauyi, ya ce ta ba shi kwana biyu ya gama. Ta fita ta faɗa tafkin lambu. Aka ɗauki wata kuyangar aka kai wa tsohon a madadinta.

Mata marubuta sun tura wuƙar ciki fiye da haka, don sun san wace ce ke riƙe da bulala a cikin gida. Xiao Hong, wadda ita kanta gudun auren dole ta yi, ta gama labarin garinsu Hulan a Hong Kong a 1940, ta mutu a 1942 tana da shekara talatin. A ciki akwai yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka kawo gidan miji tun kafin aure. Laifinta ba ta jin kunya, ranar da ta zo ta ci shinkafa kwano uku. Uwar miji ta yi ta dukanta don ta gyaru, ta rataye ta, ta ƙona mata tafin ƙafa da ƙarfe. Da yarinya ta kwanta ciwo, matar nan da ke jin ƙyashin sayen abinci ta zazzage dukiyarta wurin bokaye, tana lissafin asarar da yawan kajin da ta kiwata. A ƙarshe aka tsoma yarinyar a randar ruwan zafi sau uku a dare ɗaya don a kori aljani, unguwa ta cika da 'yan kallo, wasu na hawaye. Zhang Ailing kuma, a Shanghai ta 1943, ta rubuta Jinsuo Ji, labarin 'yar mai sayar da man riɗi da aka aurar wa naƙasasshen ɗan masu kuɗi. Ta shekara da shekaru tana haɗiyar wulaƙanci, da dukiya ta zo hannunta sai ta juya kan 'ya'yanta. Ta ɗaure ƙafar 'yarta lokacin da kowa ya daina, ta kori saurayinta da magana ɗaya, cewa yarinyar na ciki tana zuƙar ofiyom. Wanda aka cuta ba ya zama waliyyi a wurin matan nan biyu.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Duk abin da na lissafa na farko-farko ya riga mulkin gurguzu. Jam'iyyar ma sai a 1921 aka kafa ta, bayan mahaukacin Lu Xun da shekara uku. Hu Shi ɗan sassaucin ra'ayi ne, a Taiwan ya mutu. Ba Jin a ƙuruciyarsa mai aƙidar ƙin kowace irin hukuma ne. Zhang Ailing ta bar ƙasar a 1952. Lu Xun ya karkata hagu a ƙarshen rayuwarsa, amma ya mutu a 1936 bai shiga jam'iyya ba. Sai dai zarginki yana da gindi, don jam'iyyar ta gaji wannan adabi ta sauya masa fasali. Tun a 1927 Mao, wanda ya zama jagoran jam'iyyar daga baya, ya rubuta cewa igiya huɗu ke ɗaure manoman Sin, ikon hukuma, ikon dangi, ikon alloli, da ikon miji a kan mata. A Mayun 1942 a Yan'an, sansanin jam'iyyar a lokacin, ya ce adabi ya yi wa ma'aikata da manoma da sojoji hidima, a tona asirin abokan gaba, a yabi jama'a. Ki gwada wannan da Zhufu, inda jama'ar ce ke tsokanar matar Xianglin, za ki ga ba su zama a tabarma ɗaya.

Abin da ya fito shi ne irin wasan waƙa na Baimao Nü, yarinya mai farin gashi, na 1945. Mai gonaki ya tilasta wa manomi ya dangwala yatsa ya ba da 'yarsa a bakin bashi, uban ya kashe kansa, yarinyar ta gudu kan dutse gashinta ya yi fari, sojojin jam'iyya suka zo suka cece ta. Wasan ya girgiza ƙauyuka, ba na musu. Amma yanzu mugu yana da suna da gida da gona, a kama shi magana ta ƙare. Da aka mai da wasan na rawa a shekarun 1960 har gyara aka yi, uban ya daina kashe kansa ya koma mai faɗa har a kashe shi, cikin da yarinyar ta yi ma aka share. Marubuciya Ding Ling da ta rubuta a 1942 cewa a Yan'an ɗin ma mata na shan tsegumi da raini, an sa ta janye, a 1957 kuma aka kore ta daga jam'iyya. A yi adalci dai, dokar aure ta 1950 ta haramta auren dole da ƙwarƙwara da hana bazawara aure, kuma marubutan nan ne suka share mata hanya tsawon shekara talatin.

Sai 1966, aka ce a rusa tsofaffi huɗu, tunani, al'ada, ɗabi'a da sabo. Matasa suka farfasa ɗakin Konfushiyas da kaburburan zuriyarsa a garinsa Qufu. Lao She, ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙasar, ya sha duka a hannunsu a watan Agusta, washegari ya faɗa tafki. Ba Jin, wanda littafinsa ya sa dubban matasa barin gida, aka yi ta gurfanar da shi gaban taro, matarsa ta mutu a 1972. Da ƙura ta lafa ya rubuta jerin maƙalu daga 1978 zuwa 1986, ya ce a shekarun nan shi bawa ne har cikin zuciya, ya rusuna ya ce to kamar Juexin. A Agustan 1980 jagoran ƙasar Deng Xiaoping da kansa ya ce ragowar fengjian na nan a cikin jam'iyya, shugaba ya zama uban gida, muƙami ya zama na har abada. Kalmar ta zagayo ta sami masu jifa da ita.

Manazarta na baya sun kuma tuhumi 'yan 4 ga Mayu ɗin kansu, kuma ya kamata ki san wannan kafin ki rubuta komai. Lin Yu-sheng a 1979 ya ce sun yi wa gargajiya jimla, ba su tsince tsakuwa daga shinkafa ba. Dorothy Ko ta nuna cewa hoton macen da ba ta da baki sam ya ɓoye ɗimbin matan ƙarni na 17 da suka rubuta waƙoƙi aka buga. C. T. Hsia ya ce damuwa da ciwon Sin ta hana marubutan ganin ciwon ɗan'adam. Ina tare da su rabi. Gaskiya ne Lu Xun, wanda ya shawarci matasa a 1925 su rage karanta littattafan Sin, ko su bari, shi ne kuma ya rubuta tarihin ƙagaggun labaran Sin na dā, yana tsara waƙa da tsohon harshe. Sai wanda ya ƙoshi da abu ke iya cewa a zubar. Amma mawaƙan ƙarni na 17 'ya'yan manyan gidaje ne, ba su goge matar Xianglin ba. A littattafan baya, irin Bailu Yuan na Chen Zhongshi na 1993, za ki ga an daina jimlar. Shugaban dangin mutum ne mai gaskiya da amana wanda bayansa ba ya lanƙwasa, kuma shi ɗin ne ya sa aka zane wata mace a ɗakin kakanni, bayan an kashe ta ya gina hasumiya a kan tokarta don kada kurwarta ta tashi. Marubucin yana girmama shi yana kuma jin tsoronsa.

In za ki fara karatu, ki fara da ɗan gajeren labarin Kong Yiji na 1919, shafi kaɗan ne. Tsohon ɗalibi ne da ya kasa cin jarrabawar dā, shi kaɗai ne a mashaya ke sanye da doguwar rigar malamai amma yana sha a tsaye tare da 'yan ƙwadago. Ya san hanya huɗu ta rubuta harafi ɗaya, ba ya iya ciyar da kansa. Ya yi sata a gidan wani da ya ci jarrabawar, aka karya masa ƙafafu, ya zo shansa na ƙarshe yana jan gindi da hannuwa, mai mashaya ba abin da ya tuna sai bashin kwabo goma sha tara da ke rubuce a allo. Ki lura wa ke ba da labarin: yaron mashayar ne, kuma shi ma yana cikin masu dariya. A 2023 matasan Sin masu digiri da suka rasa aiki suka cika intanet da cewa karatunsu ne doguwar rigar Kong Yiji, sun kasa tuɓewa. Gidan talabijin na gwamnati ya fito ya ba su shawara su tuɓe rigar su kama aikin da ya samu, su kuwa suka ce ba rigar Lu Xun yake suka ba.